Waya, Agogo ko Abin Kunne: A Ina Mai Gudu Zai Fara Zuba Kuɗinsa?

Da yawa daga cikin waɗanda suka fara gudun motsa jiki suka bari, ba gwiwa ce ta hana su ba, gundura ce. Satin farko akwai ɗoki, na biyu akwai ciwon cinya da ke sa mutum ya ji yana yin wani abu, a na uku kuwa hanyar ta zama ita ce dai ta jiya, babu wanda ya san ka fita, kai ma ba ka san ko ka ƙaru ba. A nan ne kayan zamani ke da amfani. Sai dai kuɗi ba ya isa a sayi komai lokaci guda, kuma kasuwa cike take da kayan da aka rubuta wa sunan wasanni alhali ba su san gudu ba. Abubuwa uku ne ke takarar aljihun mai gudu: wayar da ke hannunsa da manhajojinta, agogon hannu, da abin sauraro na kunne. Kowannensu da irin ciwon da yake magani, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Waya, wadda ka riga ka biya kuɗinta

Duk wayar Android ko iPhone ta wannan zamani tana da GPS a cikinta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, auna tafiya ba ya cin data. Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa suna ta aiko da sigina, waya kuwa karɓa kawai take yi ta lissafa inda take. Data tana taimaka mata ta kama taurarin da wuri, kuma ana buƙatarta wajen buɗe taswira da tura sakamako, amma kana iya kashe ta ka yi gudunka, ka dawo gida ka kunna. Wanda yake jin tsoron manhajar gudu za ta cinye masa data, ya kwantar da hankalinsa.

Manhajojin da suka fi shahara ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma a nan ake yawan yin zaɓen tumun dare. Strava, wadda Michael Horvath da Mark Gainey suka kafa a Amurka a 2009, dandalin zumunta ce ta masu gudu da masu keke. Kana gama gudu za ta fito da taswirar inda ka bi, abokai su gani su jinjina maka. Tana kuma yanka hanya gunduwa-gunduwa, ta riƙa kwatanta lokacinka na yau da na baya a kan wannan gutsuren hanya, da na sauran mutanen da suka bi ta. Tun 2020 cikakken jerin gwanaye na kowace gunduwa ya koma na masu biyan kuɗi, amma ɗaukar gudu da shiga ƙungiya da ganin na abokai duk kyauta ne. Maganin kaɗaici ce. Idan kai mutum ne da ke jin kunyar a ga sati ya wuce shafinka wayam, to Strava za ta fitar da kai daga bargo ko da sanyin hunturu. Idan kuwa ba ka da aboki ko ɗaya a kai, daɗinta ya ragu da rabi.

Nike Run Club kyauta ce, kuma ƙarfinta a wani wuri yake: murya. Akwai gudu iri-iri da aka naɗa da muryar koci yana yi maka magana a kunne, yana ce maka ka rage, ka saki kafaɗa, saura minti biyu. Ga wanda ke gudu shi kaɗai da asuba, wannan murya kan rage nisan hanya ƙwarai. Cikas ɗinta a wurinmu shi ne babu Hausa a ciki, kuma kocin Ba'amurke ne mai yawan surutu. Wanda Turancinsa na karatu ne kawai zai iya jin ya dame shi. Adidas Running, wadda asalinta Runtastic ce ta ƙasar Ostiriya kafin Adidas ta saye ta a 2015, tana tsakanin biyun: tana aunawa, tana faɗa maka nisa da lokaci bayan kowace kilomita.

Ga sabon shiga kuwa, wanda ko minti biyar ba ya iya yi ba tare da haki ba, duk waɗannan sun yi masa girma. Abin da ya fi masa shi ne tsarin Couch to 5K, wato daga zaman kujera zuwa gudun kilomita biyar, wanda Josh Clark ya ƙirƙiro a 1996, hukumar lafiya ta Ingila kuma ta rungume shi daga baya. Sati tara ne, fita uku a kowane sati. A satin farko, bayan tafiyar ɗumama jiki ta minti biyar, gudu na daƙiƙa 60 ne sai tafiya ta daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa har minti ashirin. Manhajoji da yawa suna bin wannan tsari kyauta. Aikin wayar shi ne ta ce maka gudu, ta ce maka tafi, kai ba ruwanka da duba lokaci. A ganina babu wata na'ura, komai tsadarta, da ta kai wannan tsari hana sabon mai gudu karaya, domin babban abin da ke kashe wa mutum gwiwa shi ne ya ɗebo da zafi ranar farko ya wayi gari ba ya iya sauka daga gado.

To ina matsalar waya? Uku ce, kuma duk na gaske ne.

Ta farko nauyi da rashin wurin ajiya. Wayoyinmu manya ne, masu batir mai ƙarfi. A aljihun wando tana dukan cinya tana jan wandon ƙasa, a hannu tana karkatar da kafaɗa ta jiƙe da gumi. Maganin wannan mai araha ne: siririyar ɗamarar ƙugu mai zif da ake sawa a ƙarƙashin riga. Ta fi jakar damtse, wadda ke tallata wayar ga duk mai wucewa.

Ta biyu ita ce wadda ke sa mutane su ce manhajar ƙarya take yi. Wayoyi irin su Tecno, Infinix da itel, da ma wasu na Xiaomi da Samsung, an saita su su riƙa kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don adana caji. Sai ka kulle fuskar waya ka sa a aljihu, ka yi kilomita biyar, ka dawo ka ga an zana maka miƙaƙƙen layi ta saman gidajen mutane, an ce kilomita biyu ka yi. Laifin ba na manhajar ba ne. Kafin fita ta farko, a shiga saitin batir a cire ta daga cikin waɗanda waya ke takura wa, a ba ta izinin ganin wuri, a kashe yanayin tattalin caji. Sannan a tsaya a fili kamar rabin minti kafin a danna farawa, don ta kama taurari.

Ta uku ba a saiti ake gyara ta ba. Ƙwacen waya abu ne da mazauna Kano da wasu manyan biranenmu suka sani sarai, kuma lokacin da ya fi daɗin gudu, wato bayan sallar asuba kafin rana ta fito, shi ne lokacin da hanya ta fi zama shiru. Mutumin da ke gudu zuciyarsa na kan aljihunsa ba zai taɓa jin daɗin gudun ba. Wasu kan ware tsohuwar waya mai fasasshen gilashi don wannan aiki, dabara ce mai kyau. Amma wannan tsoron shi ne hujja mafi ƙarfi da agogo ke da ita a ƙasarmu, fiye da duk lissafin da yake yi.

Agogo iri biyu ne, kada a haɗa su

A nan ne kuɗi ya fi salwanta. Akwai agogon da ke da GPS a cikinsa, akwai kuma wanda ke aron na waya. A ido kamarsu ɗaya: fuska mai haske, hoton mutum yana gudu, alƙaluman bugun zuciya. Yawancin masu araha da suka cika shagunan waya, har da ƙananan samfurin Xiaomi Smart Band da Huawei Band, ba su da GPS na kansu. Idan ka fita da su ba tare da waya ba, girgizar hannunka suke ƙirgawa su kintaci nisa, kuma babu taswira. Idan kuwa dole sai ka ɗauki waya kafin su yi aiki, to me ka saya? Fuska ta biyu ce kawai ta wayar. Ba laifi ba ne a saye su don ƙirga taku da ganin saƙo, amma wanda ya saye su don ya bar waya a gida ya yi asara. Araha ba ta ado. A shago, ko a Farm Centre ne a Kano ko a Banex a Abuja, gwajin ba shi da wuya: a raba agogon da waya, a fita waje, a zaɓi gudun waje. Mai GPS na gaske zai nuna yana neman taurari ya kama da kansa. Ɗayan zai ce a haɗa shi da waya.

Agogon gudu na ainihi kuɗinsa daban ne. Garmin Forerunner 55 ya fito a 2021 a kan kusan dala 200, cajinsa na kai sati biyu idan ana sawa kawai, ko awa 20 idan GPS na kunne. Coros Pace 3 na 2023 ya fito a kan dala 229, nauyinsa kamar giram 30 ne da madaurin zare, yana kai awa 38 da GPS. A ƙasar da wuta ke zuwa ta ga dama, wannan lissafin caji ba ƙaramin abu ba ne. Apple Watch na yau da kullum yana auna gudu da kyau, amma kusan kullum sai an yi masa caji, kuma sai da iPhone yake aiki. Mai Android ya cire shi daga lissafi tun farko.

Me agogo ke ƙara wa daɗin gudu? Na farko, sakewa. Ka fita ba komai a aljihu, hannu biyu a sake. Na biyu, kana ganin saurinka nan take da ɗaga hannu kawai, kuma yana girgiza maka hannu idan lokacin tafiya ko na gudu ya yi. Na uku, wanda ni na fi ba muhimmanci, bugun zuciya. Yawancinmu muna gudu da ƙarfi fiye da kima, muna zaton in ba a galabaita ba ba a yi komai ba. Agogo zai nuna maka cewa a saurin da kake kira sassarfa zuciyarka na bugawa 175 a minti. Da ka rage har ta sauko, sai ka tarar kana iya ninka nisan ba tare da ka tsani ranka ba. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zuciya na ƙara bugawa ko da saurin bai canza ba, kuma agogon zai gaya maka ka sassauta kafin jiri ya gaya maka.

Sai dai kada a mayar da alƙalumansa wahayi. Koren hasken da ke bayan agogo ta fata yake leƙen gudanar jini, kuma idan madauri ya yi sako-sako ko gumi ya yi yawa, yakan rikice har ya kama ƙirga takun ƙafa a madadin zuciya. A ɗaure shi da kyau, a ɗan matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu. Mai son daidaito sosai ɗamarar ƙirji irin Polar H10 yake saya, kuma tana iya haɗuwa da waya kai tsaye ba sai da agogo ba. Lissafin nan na cire shekarunka daga 220 don sanin iyakar bugun zuciyarka kintace ne na jimla, mutane da yawa suna sama ko ƙasa da shi. Akwai ma'aunin da ya girmi duk waɗannan: idan kana iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda cikakkiya kana gudu, saurin ya yi daidai. Adadin kuzarin da agogo ke cewa ka ƙona kuwa, kada ka gina tuwon dare a kansa.

Shi ma GPS yana da iyaka, na waya ne ko na agogo. A tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin bishiyoyi masu duhu yana karkata, a kan zagayen filin wasa kuma yakan yanke kwana ko ya ƙara. Mai gudu a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ko na Ahmadu Bello a Kaduna, ko na Seyni Kountché a Yamai, bai ma buƙatarsa: layin ciki mita 400 ne, zagaye goma sha biyu da rabi kilomita biyar ke nan. Haka mai gudu a kan injin gudu a cikin ɗaki, taurari ba sa ganinsa, kuma injin da kansa yana nuna nisa. Idan a nan gudunki ko gudunka yake, agogon dala 200 kusan ado ne.

Akwai kuma cutar da agogo ke kawowa. Wani da ya saya sai gudun ya koma jarrabawa, duk taku goma ya duba hannu, in yau ta gaza jiya da daƙiƙa biyar ya wuni yana ɓacin rai. Wanda ya san halinsa haka ne, ya saita fuskar agogon ta nuna lokaci kaɗai, ya duba sauran bayan ya yi wanka.

Kunne

Idan tambayar ita ce me ya fi sa gudu daɗi a kan kowace naira da aka kashe, abin kunne ne ya ci, ba agogo ba. Costas Karageorghis na Jami'ar Brunel da ke Landan ya daɗe yana bincike a kan sauti da motsa jiki, kuma abin da ya fito shi ne kiɗa na rage yadda mutum ke jin gajiya a gudu mai sauƙi da matsakaici, amma idan gudu ya yi tsanani jiki na rinjayar kunne. Tunda gudun yawancinmu mai sauƙin ne ya kamata ya zama, ribar tamu ce. Ba dole sai waƙa ba. Wani karatun Alƙur'ani yake sawa ya yi tilawar haddarsa, wani tafsiri, wani shirin rediyon da ya wuce shi, wata kuma littafin da ake karantawa da murya. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a ware abu guda mai jan hankali, mai kashi-kashi, a hana kai saurarensa sai a bakin gudu. Son jin ci gaba kaɗai ya isa ya ɗaura maka takalmi. A sauke tun a gida daga Audiomack ko Boomplay ko inda aka saba, don kada sabis ya yanke a tsakiyar hanya. Mai son kiɗa ya nemi wanda ya dace da takunsa. Yawancin masu sassarfa suna taku tsakanin 150 da 180 a minti, kuma ƙafa da kanta take bin ganga.

Zaɓin a nan tsakanin mai toshe kunne ne da mai barinsa a buɗe. Ƙananan na Bluetooth da ake cusawa a kunne, irin na Oraimo da makamantansu, suna da araha, sautinsu na da kauri, kuma ana samunsu ko'ina. A duba alamar IPX4 ko sama da haka, ita ke nuna zai jure gumi. Aibinsu shi ne suna rufe ka daga duniya, musamman masu kashe ƙarar waje. A kan titin da babu gefen masu tafiya, inda mai adaidaita sahu ke iya fitowa ta hannun da ba nasa ba, kunne shi ne idonka na baya. Ɗaya nau'in, irin Shokz OpenRun, ba ya shiga kunne sam; a kan ƙashin gaban kunne yake zama ya tura sauti ta ƙashi, cajinsa kamar awa takwas. Kana jin karatunka, kana jin hon. A Birtaniya, hukumar wasannin guje-guje ta hana sa masu toshe kunne a tseren da ake yi kan titin da motoci ke bi, amma ta yarda da irin wannan. Rauninsa: ya fito a kan kusan dala 130, sautinsa ba shi da nauyi, kuma a babban titi mai hayaniya muryar mai magana na ɓacewa. Akwai kwaikwayonsa masu araha da ƙaramin lasifika ne kawai a gefen kunne. Ba ta ƙashi suke aiki ba, amma tunda su ma kunne a buɗe yake, ba su da laifi idan an san abin da aka saya. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya sa ɗan kunne guda a ɓangaren da ba na titi ba, ya bar ɗayan a gida. Kyauta ne, kuma ya magance rabin matsalar.

Wani abu da ke haɗa kunne da agogo: ba kowane agogon GPS ne ke ɗaukar sauti ba. Forerunner 55 ba ya ɗauka, ke nan idan kana son sauraro, wayar da kake son bari a gida ta dawo aljihu. Pace 3 yana da wurin zuba MP3 daga kwamfuta, wanda ya dace da mu da karatuttuka da waƙoƙinmu dama a MP3 suke yawo. Wanda burinsa barin waya a gida kuma ba ya iya gudu shiru, wannan bambancin ya fi masa duk sauran.

Taswirarka tana faɗin inda kake kwana

A watan Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin da masu amfani da ita ke bi tana fito da zanen sansanonin soja a wurare irin su Siriya da Afganistan, saboda sojojin na gudu da na'urorinsu a kunne. Idan hakan ta faru da soja, ina ga mai gudun da kullum yake farawa daga ƙofar gidansa da ƙarfe shida? A Strava akwai saitin ɓoye farko da ƙarshen hanya, akwai kuma na taƙaita masu gani ga waɗanda ka amince da su kaɗai. A yi wannan tun ranar farko, mata musamman. A ɗaya hannun, wannan fasahar na iya zama rakiya: WhatsApp na ba da damar nuna wa mutum guda inda kake kai tsaye na minti 15, ko awa ɗaya, ko awa takwas. Wannan kam yana buƙatar waya da data, kuma nan ne waya ta fi agogon da aka fita da shi shi kaɗai.

To wa zai sayi me? Wanda bai kai wata uku yana gudu ba, kada ya sayi agogo. Ɗamarar ƙugu, abin kunne daidai ƙarfinsa, manhajar sati tara, sauran kuɗin kuma ya tafi kan takalmi mai kyau, domin babu manhajar da ke gyara takalmin da ya matse yatsa. Wanda gudu ya riga ya zama masa jiki, yana fita sau uku a sati ba tare da an tura shi ba, kuma ya fara tunanin tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo ko gudun fanfalaki na Legas da ake yi tun 2016, shi ne agogon GPS zai yi wa aiki, domin yanzu yana da tambayoyin da agogon ke amsawa. Wanda unguwarsa ba ta da tabbas da asuba, shi ma agogo, ko da wanda aka taɓa amfani da shi ne, muddin an gwada cajinsa kuma ya kama taurari a gabanka kafin ka biya. Mai gudu a filin wasa ko a cikin gida tare da abokai kuwa, agogon roba mai ƙirga minti da ƙungiyar WhatsApp da za a tsokane shi idan bai zo ba sun ishe shi.